Gauraki a Bangon Wani Layi a Sakkwato

Ɗaurin auren ɗan wani aminina ne ya kai ni Sakkwato a ƙarshen bazara. Daga Zariya muka tashi bayan sallar asuba, domin hanyar Funtuwa zuwa Tsafe da Gusau ba hanyar da ake bari dare ya riski mutum a kanta ba ce a 'yan shekarun nan. Direba bai tsaya ba sai Talata Mafara, inda muka sha ruwa muka miƙe ƙafa. Daga nan Tureta, Dange, Shuni, sai ga Birnin Shehu a gabanmu yana ƙyalli cikin rana. Zafin Sakkwato a watan Afrilu da Mayu sai wanda ya ɗanɗana. Ma'auni kan haura digiri 40, iskar da ke shigowa ta tagar mota ma ƙuna take yi.

An ɗaura aure lafiya, aka ci aka sha, aka watse. Ni kuwa na riga na ƙudurta ba zan juya ba sai na zaga gari. Na fara da Hubbare kamar kowane baƙo, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake kwance tun 1817, 'yarsa Nana Asma'u ma tana nan kusa da shi. Mata ne suka fi yawa a ranar, wasunsu daga ƙauyuka masu nisa. Na bi ta Kanwuri na ga ƙofar fadar Sarkin Musulmi, na yi sallah a Masallacin Bello. Waɗanda suka fi ni sani sun riga sun rubuta labarin waɗannan wurare, don haka ba zan tsawaita ba.

Washegari na shiga Shiyar Madunka neman jaka da takalmi na tsaraba. A nan ne na fara tunanin dabbobin ƙasar nan, ina shafa wata fata mai laushi da dukawa suka ce ta jar akuya ce. Wannan akuya, wadda ake kiwonta daga Sakkwato har Maraɗi, fatarta ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita zuwa arewacin Afirka, daga can ta wuce Turai ana kiranta fatar Maroko, ana rufe littattafai masu tsada da ita. Akuyar da ke kwance a gindin dalbejiya tana tuƙa, sunanta ya kai inda masu ita ba su taɓa zuwa ba. Amma ka duba gari kaf, da wuya ka ga inda aka ajiye wata alama don tunawa da ita.

Na faɗa wa ɗan kabu-kabun da ya ɗauko ni wannan magana, don kawai a rage hanya. Sai ya ce, "Malam, in dabbobi kaka son gani, akwai wani mai tayil shiyarmu da ya cika bango da su." Na ce mu je.

Layi ne irin na kowace unguwa: kwata a gefe, mai shayi, shagon caji, 'yan mata masu tallar awara. Bangon kuwa na gidan mai tayil ɗin ne da kansa, wanda ya fuskanci titi, tsawonsa bai fi na motar bas biyu a jere ba. Daga nesa sai ka ɗauka fenti ne. Sai da na sauka na matsa kusa na ga ashe babu ɗigon fenti ko ɗaya. Gutsattsarin tayil ne da fasassun faranti na tangaran da kwalabe, an yanka su ƙanana ƙanana, an dasa su cikin siminti ɗaya bayan ɗaya har suka zama tsuntsaye da dabbobi.

Gauraki biyu ne a tsakiya, ɗaya ya miƙe wuya, ɗaya ya sunkuya yana kiwo. Na daɗe a gabansu. Tukkun nan na kansu, da siraran ɓarɓashin kofin shayi aka yi shi, irin mai zoben ruwan zinare a baki, kowane tsinke an kafa shi daban yana fita daga ƙeya. Kuncin tsuntsun rabi fari rabi ja-ja, daidai yadda Allah ya halicce shi. Jikin baƙi ne, amma ba baƙi iri ɗaya ba: akwai mai sheƙi, akwai mai duhun toka, akwai wani da ke da ɗan shuɗi a ciki, kuma duk gutsattsarin sun kwanta ta fuska guda, daga wuya zuwa wutsiya, yadda gashin tsuntsu yake kwanciya. Idon kuwa gindin wata ƙaramar kwalbar turare ce. Na sa yatsa na shafa fiffiken ina jiran kaifi ya yanke ni, sai na ji sumul. An goge bakin kowane gutsure.

A hagu akwai shamuwa a kan sheƙarta, baƙa mai farin ciki, da ɗan shuɗin nan na fuska da jan da ke kusa da ido. A ƙasa burtu yana takawa. Can dama ga jar akuya da ɗanta, ga bushiya, ga damo a kan dutse, ga zabi uku da aka yi wa ɗige-ɗige da farin tangaran. A gindin bangon gaba ɗaya ruwa ne, an yi shi da koren kwalba da shuɗin tayil na banɗaki, cikinsa giwan ruwa da tarwaɗa. A saman kusurwa, ita kaɗai, ungulu.

Mai aikin yana zaure yana cin abinci, ya fito yana goge hannu. Ba zai wuce shekara arba'in da 'yan kai ba, tafin hannunsa duk siminti ya cinye. Muka gaisa, na ce daga Zariya nake, malamin firamare ne ni. Ya ce, "Marhabin, Malam. Wanga ba kwangila ba ta, ba wanda ya sa ni." Sana'arsa shimfiɗa tayil a gidajen mutane. Kowane gini aka gama, akan bar tulin yankakku da fasassu, masu gida su biya a kwashe a zubar. Da ma masu tayil sun saba haɗa irin waɗannan a tsakar gida ko bakin famfo ga wanda ba shi da kuɗin sabo. Shi kuma sai ya fara ware masu launi yana tarawa a buhunan siminti, bai ma san abin da zai yi da su ba.

Abin da ya tayar da shi, in ji shi, ɗansa ne ya dawo daga makaranta da littafi mai hotunan dabbobi. Yaron ya san sunan dabbar ƙanƙara da ta dazuzzukan wasu ƙasashe, ya iya faɗarsu da Turanci. Uban ya tambaye shi gauraka, yaro ya ce bai san shi ba. Ya tambaye shi burtu, shiru. "Ɗiyanmu sun san na wasu, ba su san namu ba," ya ce. Wannan magana ta taɓa ni ƙwarai, domin a ajina ma haka abin yake. Ina koya wa yara karin magana, su haddace "ungulu ba ki jewar banza", su ci jarrabawa da ita, alhali da yawansu ba su taɓa ɗaga kai sun ga ungulu tana jewa ba.

Na roƙe shi ya nuna mini yadda yake aikin, bai yi rowa ba. Da gawayi yake fara zana tsuntsun a jikin filasta. Sai ya sassare wurin da guduma don siminti ya sami abin kamawa, ya jiƙa shi sosai. Tayil ɗin ma a ruwa yake kwana, in ba haka ba zai zuƙe ruwan kwaɓin ya bar shi ba ƙarfi. Manyan gutsattsari da injin yankan tayil yake rage su, ƙananan kuwa da filaya yake gatsa su kaɗan kaɗan har su kai siffar da yake so, sannan ya goga bakinsu a dutse saboda yara masu shafa bango. Ba ya kwaɓa siminti da yawa. Abin da zai rufe faɗin tafin hannu biyu kawai yake shafawa, ya dasa, ya danna, ya matsa gaba, domin a zafin Sakkwato kwaɓi ba ya jiran kowa. Shi ya sa ba ya taɓa bangon sai bayan asuba kafin ya fita aiki, ko kuma bayan la'asar sakaliya. In ya gama wani sashe sai ya cike tsakankanin da farin siminti, ya share da jiƙaƙƙen soso, ya rufe wurin da buhu yana yayyafa masa ruwa kwana da kwanaki don kada ya tsage.

Wahalar, ya ce, a launi take. Fari da ruwan ƙasa ba sa yankewa, tunda su ake shimfiɗawa a ɗakuna. Ja da shuɗi da rawaya kuwa sai an sha nema. Da matan unguwa suka gane abin da yake yi, sai suka fara aiko yara da fasassun faranti da kofuna. Jan kuncin gauraka daga farantin wata tsohuwa ya fito, wanda ta ce tun na jerenta ne. Na duba bangon da sabon ido bayan jin wannan. Yana jera gutsattsarinsa kamar yadda uwar amarya take jera kwanuka a ɗaki, kowanne da mazauninsa, a ja da baya a duba, a dawo a gyara. Da ma kafa tangaran a gini ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Maginan da can sukan dasa tasa ko faranti a tsakiyar rufin soro, inda bakan gizo suka haɗu. Abin da yake sabo shi ne fito da shi waje, a bakin titi, inda mai wucewa zai gani ba tare da ya yi sallama ba.

Wani dattijo da ke zaune a tabarma a inuwar bangon yana jin mu. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, kun ga gauraka da idonku a nan ƙasar?" Ya yi murmushi ya ce, "Awo, ɗana." Ya ce suna yara, in suka bi iyayensu fadama, sukan tarar da su garke guda a bakin ruwa, kuma tun kafin ka gan su kukansu ya riga ya iso maka. Ya ce sukan yi rawa, su buɗe fiffike su yi tsalle suna sunkuyar wa juna. Yanzu ya manta rabon da ya ji wannan kuka a daji. Na ƙarshen da ya gani, a gidan wani mai hali ne, an yanke masa fiffike yana zagaya tsakar gida.

Abin da Baba ya faɗa ya yi daidai da abin da masu nazarin tsuntsaye suke faɗa. Gauraka shi ake ɗauka a matsayin tsuntsun ƙasa na Nijeriya, amma ya kusa ƙarewa a cikinta. Fadamun da yake ƙwai a cikinsu an nome su ko sun bushe, an tare ruwan koguna da madatsai, masu kamawa kuma suna kwashe 'ya'yan su sayar wa masu son ado. Ungulu ma haka. Wanda ya girma kafin shekarun nan ya san yadda suke cika mahauta da bayan kasuwa, suna share mushe kafin ya yi wari. Irin wadda muka fi sani, ƙaramar nan mai zama kusa da mutane, tun 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ɓacewa a duniya. Guba na kashe su, masu neman kai da ƙafafunsu don tsibbu suna saye da tsada. Na tambayi mai tayil dalilin da ya sa ungulu a bango, tunda ba tsuntsuwar da ake yabo ba ce. Ya ce ai ita ce mai sharar gari da ba a biya, kuma tun da ta tafi kowa ya ga bambanci a bayan mahauta.

Baba ya nuna burtu da sandarsa ya ba mu labarin maharba. Sukan ɗauki kan burtu da bakinsa, su haɗa da itace da fata, su ɗaura a goshi, su lulluɓe jiki su shiga ciyawa a durƙushe suna gyaɗa kai. Barewa da gada sun saba da burtu, ba sa gudunsa, har maharbi ya matso inda kibiya za ta kai. Yaran da suka taru a kanmu suka yi tsit suna saurare. Ɗaya ya sunkuya ya fara kwaikwayon tafiyar, sauran suka fashe da dariya. Na lura yaran nan duk sun san sunan kowace dabba a bangon. Wata yarinya da ba ta fi shekara shida ba ta ja ni da riga ta nuna mini bushiya, ta ce in an taɓa ta dunƙulewa take yi.

Akwai tambayar da ba yadda za a yi mutum ya tsaya gaban irin wannan bango a Sakkwato bai yi ta ba, kuma na yi ta. Na ce, "Malamai fa, me suka ce?" Bai ji haushi ba, ya ce shi ma abin ya dame shi kafin ya fara. Hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare ko hoto yana cikin Buhari da Muslim, ba wanda zai yi wasa da shi. Don haka sai da ya je wurin limamin shiyarsu. Liman ya bayyana masa abin da ke cikin littattafan Malikiyya: abin da aka haramta kai tsaye shi ne mutum-mutumin abu mai rai, cikakke, mai inuwa, amma zanen da ke shafe a jikin bango ko tufa bai kai haram ba, ko da yake barinsa ya fi. Ya kuma gaya masa akwai malaman da suka tsananta fiye da haka, suka hana duka. Mai tayil ya ɗauki sharuɗɗa ya ɗora wa kansa: ba zai yi siffar mutum ba, ba zai yi abin da ya fito daga bango har ya yi inuwa ba, ba zai sa a cikin ɗaki ko inda ake sallah ba. Ya ce har yanzu akwai maƙwabcin da bai gamsu ba, ya faɗa masa a fuska, kuma suna gaisawa lafiya, suna sahu ɗaya a masallaci.

Wannan saɓani ya girmi Sakkwato. Babban masallacin Dimashƙu, wanda Halifa Walid ya gina a farkon ƙarni na 8, an ƙawata bangonsa da irin wannan aiki na ƙananan gutsattsari masu launi da ruwan zinare. Akwai itatuwa, akwai ƙoramu, akwai gidaje, amma babu mutum babu dabba ko ɗaya. A wannan ƙarnin dai, a Fadar Hisham kusa da Ariha a Falasɗinu, an shimfiɗa wani daɓe mai hoton itaciya da bareyi a gindinta, zaki ya kama ɗaya. Wato tun a wancan zamani an bambanta abin da ake sawa a masallaci da abin da ake sawa a wani wuri. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, kuma ina girmama wanda ya zaɓi ya nisanci abin gaba ɗaya. Amma na ga mutumin da ya tambaya kafin ya aikata, ya tsaya inda aka ce ya tsaya, kuma niyyarsa yara su san halittun Ubangiji da ke ƙasarsu. Zuciyata ta natsu da aikinsa. Mu da muke bin bayan manyan motoci kullum muna kallon zaki da mikiya da ɗawisu da aka zana da fenti, ban ga dalilin da zai sa gauraka da shamuwa su zama su ne abin ƙyama ba.

Shamuwa ma dai ta isa a tuna da ita. Tana zuwa mana gab da faɗuwar damina daga kudanci da gabashin Afirka, ta yi sheƙa a kan itatuwan cikin gari, ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe, ta ci fara da tsutsotsin gona, in kaka ta yi ta koma. Manomi in ya gan ta ya san lokacin gyaran gona ya yi. Shi ya sa ba a jifanta, kuma yaron da ya taɓa sheƙarta sai ya sha faɗa. Wannan ladabi ne da iyaye suka koya mana ba tare da wata doka ta gwamnati ba, kuma shi ya sa har yau shamuwa tana nan alhali gauraka ya tafi.

Ana cikin haka wani manomin shinkafa ya tsaya da babur ɗinsa, aka shiga muhawara. Ashe tsohuwar gardama ce tsakaninsu. Mai tayil yana so ya ƙara jan baki a saman bango, garke guda suna tashi. Manomin ya ce in ya kuskura ya sa su, ya daina bi ta layin. Ya ce wanda bai taɓa kwana a gona yana kaɗa gwangwani yana ihu ba, shi ne zai ga kyan jan baki. Gaskiyarsa ne. Tsuntsayen nan in suka sauka a gonar shinkafa ko gero, dubbai a lokaci guda, kafin rana ta faɗi sun gama da guminka na shekara, har ta kai gwamnatoci a wannan yanki suna ɗaukar jirgin sama a yi musu feshi a inda suke kwana. Mai tayil ya ce shi ba yabonsu zai yi ba, ai suna cikin tsuntsayen ƙasar, yaro ya kamata ya san mai amfani ya san mai ɓarna. Ba su daidaita ba har na bar wurin. Na ji daɗin gardamar, domin ta nuna bangon ya sa mutane suna magana a kan abin da da ba a ko tada shi.

Da yamma ɗan kabu-kabun ya kai ni Kwalkwalawa, a kan hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, don in ga abin da ya rage da rai. Nan ne hanya take ƙetare fadamar Gulbin Rima, inda ambaliyar 2010 ta yanke ta. A ƙarshen bazara ruwan ya ja baya sosai. Masunta suna sayar da tarwaɗa da karfasa a bakin titi, masu lambu suna ban ruwa da injin. Na ga balbelu suna bin shanu, na ga zalɓe tsaye cikin ruwa, shirwa tana kewaya inda ake gyaran kifi. Na tambayi wani masunci giwan ruwa, ya ce akan samu jefi-jefi, amma manya irin waɗanda ake ɗagawa a bikin Argungu sai an yi sa'a. Bikin nan na Argungu, wanda aka faro a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, ruwan da ya bi ta nan ne yake gangarawa can. Gauraka kuwa ban gani ba, ban ji ba.

Daga fadamar ana iya tuna wani abu da mutanen Sakkwato da yawa ba su ba shi muhimmanci ba. Farar ƙasar da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti da ita tun shekarun 1960, masana sun ce a ƙarƙashin teku ta taru, daga ɓawon ƙananan halittun ruwa, a zamanin da ruwa ya rufe wannan yanki. A duwatsun ƙasar Goronyo an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku mai kama da kada wadda ta rayu fiye da shekara miliyan 66 da suka wuce, kuma a 1972 masana suka raɗa mata suna Goronyosaurus, da sunan garin. Ɗaliban ilmin ƙasa a jami'o'in duniya sun san sunan Goronyo ta wannan hanya, yaron Goronyo kuwa bai taɓa ganin siffarta ba. Da na koma na gaya wa mai tayil, ya riƙe baki, ya ce in samo masa hotonta, akwai sauran wuri a cikin ruwan da ke gindin bango.

Na zaga shataletale da dama a garuruwan Arewa, na ga bangon makarantu da asibitoci. Mafi yawa talla ce a jiki, ko fastocin 'yan siyasa da aka manna wani kan wani, ko fentin da rana ta cinye cikin shekara biyu. Tayil kuwa rana ba ta kashe launinsa, hunturu ba ya kankare shi, ruwan sama wanke shi yake yi. Kayan aikin shara ce da ake biya a zubar. Masu sana'ar suna nan a kowace unguwa, kuma da yawansu matasa ne da ke zaman jiran kwangila. Da ƙananan hukumomi da masu makarantu za su ba su bango ɗaya ɗaya, su tambayi dattawan wurin waɗanne tsuntsaye da dabbobi aka sani a nan, da kowane gari ya sami nasa. Na Wurno ba zai zama irin na Illela ba, na bakin gulbi ba zai zama irin na tudu ba. Bango ba zai dawo da gauraka fadama ba, wannan aikin masu doka ne da manoma da masu kiwo. Amma yaron da ya tashi yana shafa fiffikensa kullum a hanyar makaranta, in ya girma ya ga ana sayar da ɗansa a keji, zai san abin da ake sayarwa.

Akwai hujjar cewa dabba takan dawo in mutane suka so. Raƙumin dawa irin na Afirka ta Yamma, wanda da yake yawo har arewacin Nijeriya, a 1996 guda 49 kacal suka rage a duniya, duk a yankin Kure kusa da Yamai a Jamhuriyar Nijar. Gwamnati da mutanen ƙauyukan suka tsaya a kansu, aka hana farauta, manoma suka haƙura da ɓarnar da suke yi wa wake. Yau sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka mayar da su dajin Gadabeji a jihar Maraɗi. Makwabtanmu ne suka yi wannan, masu ƙasa irin tamu.

Mai tayil ya san labarin, wani direban Birnin Ƙonni ne ya ba shi. Shi ya sa ya bar wani sashe a ƙarshen bango, inda ginin ya fi tsawo, ya riga ya zana raƙumin dawa da gawayi, wuyansa ya kai har kusa da indararo. Abin da ya tsayar da shi rawayan tayil ne mai ɗan duhu. Abin da ya tara bai wuce na ƙafa ɗaya ba. Da na dawo Zariya na yi magana da masu tayil biyu da ke aiki kusa da makarantarmu, sun ce za su riƙa ware mini duk rawaya da ja da suka fashe. Rabin buhu ya taru. Direban da ya kai mu ya ce in ya cika in kawo masa tasha ranar da zai yi lodin Sakkwato.